ZAUREN KALMOMI: Daga Kantin Daji Zuwa Landan, Kalma Ma Matafiyiya Ce

 

Duk wanda ya kai aji shida na sakandare ya san inda gizo yake saƙa. Ko ka cinye Lissafi da Kimiyya, in babu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ƙofar jami’a ba ta buɗuwa. A JAMB ma kowa yana zaɓen darussansa uku, amma na huɗun, wato Turanci, ba a tambayar ra’ayin kowa a kansa. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu muke kallon Turanci kamar wani dodo da ya faɗo daga sama da kalmominsa cif-cif, ba ya neman komai a wurin kowa.

Yau za mu leƙa cikin buhun dodon nan. Za mu ga cewa kayan aro ne suka cika shi, wasu ma daga rumbun da mu ma muka ɗiba. Za mu kuma ga cewa ɗan Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu yana furta ɗaruruwan kalmomin Turanci kullum ba tare da ya sani ba. Wanda ya gane hanyar da kalmomin suka biyo, ya samu tsani. Wanda bai gane ba, su ne za su zame masa tarko ranar jarrabawa.

ABIN DA JIRGIN ƘASA YA SAUKE A GUSAU

A ƙarshen shekarun 1920 ne layin dogo ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe, ya iso Gusau, kafin ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Abin da ya kawo shi kuwa sananne ne: auduga da gyaɗa, ko kuma kaɗa da gujiya kamar yadda muke cewa a nan Zamfara. Jirgi yana kwasar amfanin gona zuwa bakin teku, yana sauke gishiri da yadi da kwanuka. Amma akwai wani kaya da ya riƙa saukewa wanda ba a auna shi a sikeli ba, wato kalmomi.

Ku duba “tasha”. Asalinta “station”. Wanda ya ce za shi Tashar Magami, ya haɗa Turanci da Hausa a numfashi ɗaya. “Reluwe” daga “railway” take, “tikiti” daga “ticket”, “fasinja” daga “passenger”, “lebura” daga “labourer”, “sito” daga “store”, “sikeli” kuma daga “scale”. Da motoci suka yawaita sai ga “direba” da “birki” da “taya” da “giya” ta mota. Titin da ya ratsa Tsafe ya wuce Gusau da Bunguɗu ya miƙe Sakkwato kuwa, muna cewa an zuba masa “kwalta”, wato “coal tar”, baƙin danƙon da ake samu daga kwal.

Har sunan unguwa kalmomin nan sun zama. Kantin Daji da ke Gusau, “kanti” ɗin da ke cikinsa daga “canteen” ya fito, sunan da ake kiran shagunan kamfanonin Turawa da shi a zamanin ciniki. To a nan ne tarko na farko yake. A Turancin yau “canteen” wurin cin abinci ne a makaranta ko ma’aikata. Ɗalibin da ya rubuta cewa ya je “canteen” ya sayo sabulu da yadi, mai duba takarda zai ɗaga gira. Abin da yake nufi shi ne “shop”.

Haka “bariki”. Asalinta “barracks”, mazaunin soja. Da ta shigo Hausa sai ta yi reshe: ta zama unguwar Turawa da ma’aikata, ta zama zaman birni nesa da idon dangi, har aka samu “ɗan bariki”. Babu Baturen da zai gane wannan ma’ana a cikin “barracks”. Kalma in ta yi ƙaura, takan ɗauki halin mutanen da ta tarar.

Kuɗi ma haka. “Sule” daga “shilling”, “fam” daga “pound”, “sisi” daga “sixpence”, “kwabo” daga “copper”, wato jan ƙarfen da ake buga shi da shi. An daina kashe fam da sule tun da naira ta fito a ranar 1 ga Janairun 1973, amma har gobe muna cewa “ba ni da ko sisi”. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, a cikin sunanta ma akwai baƙuwar kalma, kuma babu wanda ya taɓa jin ta a matsayin baƙuwa.

YADDA BAKIN BAHAUSHE KE YI WA BAƘUWA KWASKWARIMA

Sauyin da kalmomin nan suka yi yana da ƙa’ida, kuma sanin ƙa’idar shi ne maganin kuskuren rubutu.

Ƙa’ida ta farko: Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. In ta tarar da su, sai ta cusa wasali a tsakani. Shi ya sa “bread” ya zama burodi, “brake” ya zama birki, “driver” ya zama direba. Ta biyu: yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka “bucket” ya zama bokiti, “yard” ya zama yadi, “court” ya zama kotu. Ta uku: babu “p” da “v” a jerin sautukanmu. “P” takan koma “f” ko “h”, “v” kuma ta koma “b”. “Pump” ya zama famfo, “powder” ta zama hoda, “television” ya zama talabijin. A bakin dattawanmu na Zamfara, masu cewa “hwara” a maimakon “fara”, fasinja ma sai ka ji shi kamar hwasinja.

A Hausa duk wannan daidai ne, babu abin kunya a ciki. Matsalar tana zuwa ne in muka koma Turanci da kunnen Hausa. Wanda bai raba “p” da “f” ba zai rubuta “fast” a inda ake son “past”, ko “coffee” a inda ake son “copy”. Wanda bai raba “b” da “v” ba zai mai da “vote” ya zama “boat”, ya tura mutane rumfar zaɓe su jefa kwalekwale. Akwai ɓangaren sautuka a jarrabawar Turanci, kuma irin waɗannan tagwayen kalmomi ake jerawa a can.

Ga dabara mai sauƙi. Ku riƙe ’yar takarda a gaban leɓe. In kun ce “pan” daidai, leɓɓa biyu za su haɗu su fashe, takardar ta yi tsalle. In kun ce “fan”, haƙoran sama ne za su taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. Minti biyar kullum na mako biyu ya isa kunne ya fara rarrabewa.

SU MA AN TAƁA CIN SU DA YAƘI

Mun san cewa Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, daga nan kalmomin mulki suka kwararo cikin Hausa: gwamna, gwamnati, joji, kotu, soja, fursuna, Razdan, Di’o, En’e. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin wannan ta taɓa faɗa wa Ingila kanta.

A shekarar 1066 wani basarake mai suna William ya tsallako teku daga Nomandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a wani wuri da ake kira Hastings. Daga nan har kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gari. Turanci ya zama harshen talakawa, manoma da makiyaya. Dubban kalmomin Faransanci suka shige shi, musamman na mulki da shari’a da yaƙi: “government”, “judge”, “court”, “prison”, “soldier”.

Ku sake karanta jerin nan. Su ne dai kalmomin da muka ara: gwamnati, joji, kotu, fursuna, soja. Ashe Bature ma aro ya yi, ya riƙe shekaru ɗaruruwa, sannan ya miƙo mana. Kayan aro ne aka ba da aronsu.

Wannan tarihi ya bar tabo har a kwanon abinci. Saniya tana kiwo sunanta “cow”, amma namanta “beef”. Tunkiya “sheep”, namanta “mutton”. Sunayen dabbobin na tsohon Turanci ne, sunayen naman kuwa daga Faransanci. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne talaka ke kiwo da harshensa, basarake ke ci da nasa. Mu da muke cewa “naman sa” da “naman rago” kai tsaye, sai mu lura kada mu rubuta “cow meat” a insha’i alhali ga “beef”.

KALMA ƊAYA, ƘOFA BIYU

Ga inda ɗalibin da ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya fi ɗan Landan riba. Turanci ya ɗebi kalmomi da dama daga Larabci, yawanci ta hannun ’yan kasuwa da malaman Italiya da Sifen da Faransa. Mu kuma mun ɗebi wasu daga cikinsu kai tsaye, ta hanyar fatake da malaman da suka ratso Sahara tun kafin a ga Bature.

Ku ɗauki “sukari” da “suga”. Kalma ɗaya ce. Larabawa suna cewa “sukkar”. Ta ƙofar arewa ta shigo mana a matsayin sukari. Ta kuma zaga Turai ta zama “sugar”, ta hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ta shigo ta ƙofar kudu a matsayin suga. Haka “gahawa” da “kofi”: tushensu “ƙahwa” ta Larabci, wadda ta bi ta Turkiyya kafin ta zama “coffee”. “Sifiri” da muke cewa a lissafi da “zero” uwarsu ɗaya, wato “sifr”. “Safara” tamu da “safari” ta Turanci duk daga “safar” suke, tafiya ke nan, sai dai ita “safari” ta bi ta harshen Suwahili na gabashin Afirka. “Admiral”, babban hafsan sojan ruwa, a cikinsa akwai “amir”, wanda muka sani da amiru. Audugar da jirgi ya riƙa kwasa daga Gusau zuwa masaƙun Ingila ma, sunan da suke kiranta da shi, “cotton”, daga “ƙuɗn” na Larabci yake.

’Yan ajin kimiyya, ga naku. Wajen shekara ta 820 wani malami a Bagadaza mai suna Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafin lissafi wanda a cikin sunansa akwai kalmar “aljabr”. Daga nan “algebra” ta fito. Sunan malamin kansa da Turawa suka murɗa shi ne ya zama “algorithm”, kalmar da masana kwamfuta ba sa wuni ba su faɗe ta ba. “Alcohol” kuwa asalinta “alkuhl”, wato kwallin da ake sa wa ido. Ta fara da nufin gari mai laushi, daga baya ma’anarta ta gangara zuwa abin da aka tace.

Sai wadda ta fi ba ɗalibai dariya ranar farko a ajin kemistiri: “alkali”. Ba alƙalin kotu ba ne. Namu alƙalin daga “alƙadi” yake, mai yanke hukunci. Na kemistiri daga wata kalmar Larabci ce daban mai nufin tokar wani tsiro da ake dafa sabulu da ita. In kun taɓa ganin an tace ruwan toka a gida don miya, ko an dafa sabulun salo, to kun ga “alkali” da idonku tun kafin malam ya rubuta shi a allo.

Akwai kuma kalmomin da sunayen mutane ne. Biron da ke hannunku sunan László Bíró ne, ɗan jarida daga ƙasar Hangari da ya ƙirƙiro irin wannan alƙalami a shekarun 1930. Man dizal kuma sunan Rudolf Diesel ne, injiniya Bajamushe.

ME YA SA RUBUTUNSU BA YA BIN FURUCI?

Hausar boko yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Turanci kuwa sai ka ga “k” a farkon “knife” da “knee” tana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Dalili shi ne a da ana furta ta. William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a kan takarda, baki kuwa ya ci gaba da sauyawa. Aka daina furta “k” ɗin, amma ta ƙi tashi daga takarda. Wasu haruffan ma da gangan aka cusa su. “B” da ke cikin “debt” da “doubt” malamai ne suka saka don kalmomin su yi kama da kakanninsu na Latin. Daga baya Noah Webster ya fitar da ƙamusunsa a Amurka a 1828, ya yi wa wasu kalmomi aski, shi ya sa ake da “colour” a Ingila, “color” a Amurka. A makarantunmu tsarin Ingila muka gada. Ku riƙe shi, kada wayar hannu ta sa ku gauraya biyun a takarda ɗaya.

In kuna jin haushin yadda Turanci ke wahalar da harshenku, ku tuna Hausa ma ta wahalar da nasu. A tsofaffin taswirori da takardun reluwe, Tsafe “Chafe” aka rubuta. Baturen ya ji yadda mutanen yankin ke furta farkon sunan, ya rasa harafin da zai kama sautin, ya ɗauki mafi kusa. Kwatarkwashi mai dutse, da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, ta zama “Kotorkoshi”. Sakkwato ta zama “Sokoto”. Bunguɗu kuwa aka bar ta da “d” marar lanƙwasa, domin babu ɗ a harshensu. Abin da bakinmu ya yi wa “bucket”, shi nasu ya yi wa garuruwanmu. Kowa ya je garin wani, sai harshensa ya yi tuntuɓe.

NAMU MA SUN SHIGA

Hanyar ba ta tafiya ɗaya ba ce. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, daidai lokacin da ake shimfiɗa layin dogo a ƙasar Zamfara, har yau ana ƙara masa kalmomi. A watan Janairun 2020 an shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da “Kannywood” da “okada” da “danfo”. A wani ƙarin da ya biyo baya “suya” ma ta shiga. Kalmar da mai tukuba ke faɗa a bakin tasha yanzu tana cikin littafi ɗaya da “algebra”.

Sai dai a yi hattara, kama da wane ba ta wane. An daɗe ana cewa “boko” daga “book” take. Paul Newman, masanin harshen Hausa ɗan Amurka, ya yi nazari a 2013 ya nuna cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa “amaryar boko”. Ɗaya daga hujjojinsa ita ce ƙa’idar sauti: da “book” aka ara, ba “boko” za ta ba mu ba. Darasin a nan shi ne kada mu ga kalmomi biyu sun yi kama mu ɗaura musu aure. A duba ƙamus tukuna.

AIKIN WANNAN MAKO

Kowa ya ware shafi huɗu a bayan littafinsa, ya ja layi uku. A layin farko kalmar Hausa, a na biyu asalinta na Turanci da rubutunta daidai, a na uku ko ma’anarta ta sauya. Ku fara da abin da ke kewaye da ku: tasha, asibiti, gareji, kasuwa, filin ƙwallo. Ku tambayi kakanni, domin suna da kalmomin da mu muka manta, irin su basukur da hankici. Wanda ya tara kalma 10 kullum, kafin ƙarshen wata yana da 300, kuma ba haddar aku ya yi ba, domin ya riga ya san ma’anarsu tun yana goye. Da yayyafi kogi kan cika.

Ga tambayoyi biyar na gwaji:

1. Daga waɗanne kalmomin Turanci aka samo “kwalbati”, “asibiti” da “makaniki”? A rubuta su daidai, harafi bayan harafi.

2. Wace kalmar Turanci ce take da tushe ɗaya da “lemo”?

3. “Octo” a Latin takwas ke nan. Me ya sa Oktoba ya zama wata na 10?

4. Talata Mafara da sunan rana ta fara. Kalmar “Talata” daga wane harshe take, kuma wace lamba take nufi?

5. Kawo kalma uku ta Turanci da ke farawa da harafin da ba a furtawa, ban da “knife” da “knee”.

A rubuto amsa da suna da aji da sunan makaranta, a aiko ta adireshin wannan jarida. Za mu buga sunayen waɗanda suka ci duka biyar. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga sunayen ranaku da watanni na Turanci, mu ga su wane ne suka ɓoye a cikinsu. Kafin nan, a riƙe biro da kyau, a kuma gaishe mana da malamai.